Sikanar waya, ta hannu ko babbar ta makaniki: wacce ke jin kukan birki?

Mutum ya je duba motar da yake son saya. Ya zaro wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman akwatin ashana ba, ya durƙusa ya cusa ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe manhaja a wayarsa. Kafin su gama gaisawa da mai motar, waya ta ce babu matsala ko ɗaya. Hankalinsa ya kwanta, aka yi ciniki. Na'urar ba ta yi masa ƙarya ba. Injin kaɗai ta tambaya, injin kuwa ya ce lafiyarsa lau. Kwamfutar birki tana can da ƙorafinta, ta jakar iska ma haka, ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Duk mai shirin sayen sikana, wato na'urar da ke karanta ciwon mota, a nan ya kamata ya fara tunani, tun kafin ya kalli girman allo ko kyan kwali. Iri uku ne a kasuwa: 'yar ƙaramar da ake haɗawa da waya, ta hannu mai igiya da allonta, sai babbar da makanikai ke riƙewa kamar faranti. Dukkansu rami ɗaya suke shiga. Abin da ya raba su shi ne kwamfutoci nawa kowacce ke iya yi wa magana idan ta shiga.

Dalilin haka yana cikin tarihin soket ɗin. Saboda hayaƙi aka ƙirƙiro shi. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ta fara matsa wa masu ƙera motoci cewa dole mota ta riƙa sa ido a kan kanta, ta kunna fitila idan wani abu ya lalace da zai ƙara mata hayaƙi. Daga motocin 1996, Amurka ta wajabta tsarin da ake kira OBD-II: soket iri ɗaya mai ramuka 16, lambobin matsala iri ɗaya, ko wane kamfani ne ya ƙera motar. Turai ta bi sahu da motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Amma abin da doka ta ce a buɗe wa kowa shi ne duk abin da ya shafi hayaƙi, wato injin da wani ɓangare na giya. Birki, jakar iska, sitiyarin lantarki, kyamara da rada, waɗannan an bar wa kowane kamfani ya yi musu yaren da ya ga dama.

Lambobin da kansu suna nuna wannan rabon. Wadda ta fara da P ta injin ce ko giya, C ta birki da sitiyari da ƙafafun mota, B ta jikin mota har da jakar iska, U kuwa ta sadarwa ce tsakanin kwamfutocin. P0301 a kowace mota ma'anarta silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. Amma ka koma gefen birki: matsalar sensar gudun tayar gaba ta hagu, motocin General Motors suna kiranta C0035, Toyota da yawa kuma C0205. Ciwo ɗaya, suna biyu, kuma hanyar tambayar ma daban. Sikanar da ba a koya mata yaren kamfanin ba, ko sallama ba za ta iya yi wa kwamfutar birki ba.

'Yar ƙaramar ta waya

Kusan dukkansu jikoki ne na wani ɗan guntun lantarki mai suna ELM327, wanda wani ƙaramin kamfani na Kanada, Elm Electronics, ya ƙera. Aikinsa tafinta: ya karɓi tambaya daga waya, ya juya ta zuwa yaren mota. Fitowarsa ta farko ba a kulle ta da kyau ba, aka kwafe ta, kasuwa ta cika da jabu. Abin dariya, mafi yawan waɗanda ake sayarwa an rubuta musu v1.5, alhali kamfanin bai taɓa fitar da wata mai wannan lamba ba. Shi kansa kamfanin ya rufe a 2022, jabun suna nan suna ta haihuwa.

Ban raina ta ba, don akwai abin da ta fi ta hannu iyawa nesa ba kusa ba. Allon waya babba ne, manhajoji irin su Torque da Car Scanner da OBD Fusion suna zana maka bayanan injin yana cikin aiki: zafin ruwa, yawan iskar da ke shiga, motsin sensar hayaƙi, da yadda kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi don daidaita ƙonewa. Wannan na ƙarshe yana da daraja. Idan ka ga kwamfuta tana ƙara mai fiye da kashi 10 cikin ɗari a tsaye, amma da ka taka totur sai adadin ya sauko, to galibi iska ce ke shiga ta wata tsaga, ba famfon mai ne ya gaji ba. Za ka iya ɗaukar bayanan tafiya guda ka ajiye, ka tura wa wanda ya fi ka sani. A kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai araha ba ta ado. Jabun sukan yanke magana ana tsaka da karatu, wasu kuma ba sa jin tsofaffin yarukan da motocin kafin 2008 ke amfani da su. A wancan lokacin yare biyar ne ke yawo a soket ɗaya, sai daga 2008 Amurka ta tsayar da kowa a kan CAN, hanyar sadarwar da Bosch ya gabatar tun 1986. Masu iPhone su lura, tsohon nau'in Bluetooth ɗin da yawancinsu ke da shi ba ya haɗuwa da wayarsu, sai mai Wi-Fi ko sabon nau'in Bluetooth mai ƙarancin cin wuta. Sannan rami na 16 a soket ɗin kai tsaye yake da batir, ko an kashe mota akwai wuta a cikinsa. Wanda ya manta na'urar a jone ya yi tafiyar mako biyu, yana iya dawowa ya tarar da batir ya kwanta.

A nan akwai togiya mai muhimmanci. Ba kowace ta waya ce kurma ga birki ba. Masu inganci irin su OBDLink MX+ da BlueDriver suna karanta ABS, wato tsarin da ke hana taya kafewa idan an taka birki, da jakar iska a motoci da dama. Akwai kuma manhajojin da suka ƙware a gida ɗaya: FORScan na Ford da Mazda, OBDeleven na dangin Volkswagen. Waɗannan a cikin gidansu sukan kai inda wasu manyan sikanoni ba sa kaiwa. Amma ko da manhaja ta iya, dole na'urar ta kasance tana da hanyar: Ford da yawa sun ajiye wasu kwamfutocinsu a wata hanyar CAN ta biyu da ke ramuka na 3 da na 11, jabun kuwa na 6 da na 14 kaɗai suka sani.

Ta hannu

Wannan ba ta da dogon labari. Ka jona, ta ɗauki wuta daga mota, ta karanta, ta goge. Babu haɗa Bluetooth, babu cajin waya, babu manhajar da za ta nemi kuɗin wata. Wanda ke son abin da zai jefa a aljihun mota shekara biyar ya ɗauko ya tarar yana aiki, ita ce tasa. Amma kada igiya da maɓallai su sa ka yi wa rogo kallon kitse: mafi arahar cikinsu abin da jabun waya ke ji shi suke ji, injin kawai, kuma da ƙaramin allon da ba ya zana komai. Ajin da ya dace a duba shi ne na tsakiya, wanda aka rubuta masa ƙarara cewa yana karanta injin, giya, ABS da SRS. SRS shi ne sunan tsarin jakar iska da bel. Ko a nan ma sai ka duba jerin motocin da ta sani, da shekarunsu, domin tana iya jin birkin Honda ta kasa jin na Peugeot.

Me ya sa nake ta nanata birki? Saboda yawancin ƙirƙire-ƙirƙiren da ke ceton rai a mota a kan 'yan sensoci huɗu suke tsaye, ɗaya a kowace taya, masu ƙirga gudunta. ABS, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka fito da nasu na lantarki a 1978, da su yake gane tayar da ke shirin kafewa ya sassauta mata birki. A 1995 aka ɗora masa ESC: aka ƙara sensar da ke auna inda direba ya juya sitiyari da wadda ke auna inda motar take juyawa a zahiri, idan suka saɓa sai kwamfuta ta kama birkin taya ɗaya tak ta dawo da motar kan hanya. Abin bai yaɗu ba sai da ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a 1997 a hannun 'yan jaridar mota na Suwidin, a gwajin kauce wa dabba a kan titi. Kamfanin ya sa wa motar ESC, sauran suka biyo baya. Cibiyar IIHS ta masu inshora a Amurka ta gano cewa ESC na rage haɗarin mota ɗaya mai kisa da kusan rabi. Amurka ta wajabta shi daga motocin 2012, Tarayyar Turai ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Birkin gaggawa mai kama kansa, wanda Turai ta wajabta wa duk sabbin motoci daga Yulin 2024, shi ma galibi da famfon ESC yake taka birki. Har wasu motocin da ke gargaɗin saukar iskar taya, ba su da sensa a cikin tayar, gudun tayoyin suke kwatantawa.

To ka ga, waya ɗaya ta tsinke a bayan taya, ko ƙurar ƙarfe ta taru a bakin sensa, ko boris ya yi wasa, sai duk wannan gini ya kashe kansa lokaci guda. Birki na yau da kullum yana nan yana kamawa, shi ya sa direba ba ya jin komai a ƙafarsa, sai ranar da aka yi ruwa ya taka da ƙarfi a kwana. Sikanar da ke jin ABS za ta gaya maka wace taya ce, ta kuma nuna maka gudun huɗun a jere kana tafiya a hankali: uku suna cewa 20, ɗaya tana cewa sifili. Aikin minti biyar. Wadda ba ta ji kuwa, sai dai a yi ta canza kaya ana lalube.

Babbar ta makaniki

Biyun farko galibi saurare suke yi. Wannan tana ba da umarni. Irin su Autel da Launch, da na kamfanonin kansu kamar Techstream na Toyota ko XENTRY na Mercedes-Benz, suna iya cewa fanka ta tashi, famfon mai ya kunna, wannan silinda ta yi shiru, don a gane ko kayan ne ya mutu ko wayar da ke kai masa wuta. Kuma akwai ayyukan da motar zamani ba ta yarda a yi su da sifana kaɗai. Idan iska ta shiga akwatin ABS, a motoci da yawa sai an sa famfonsa ya yi aiki ake iya fitar da ita. Birkin hannu na lantarki sai an umarce shi ya ja baya kafin a canza takalmin birkin baya. An taɓa sitiyari ko an daidaita ƙafafu, sai an sake koya wa sensar sitiyari inda tsakiya take, in ba haka ba ESC zai ɗauka kana kwana alhali miƙe kake tafiya. Wasu motocin ma ko batir aka canza sai an sanar da kwamfuta.

Tsadarta ba a ranar saye take ƙarewa ba. Yawancinsu sabuntawar shekara ɗaya ko biyu ake ba ka kyauta, daga nan sai ka biya duk shekara, in ka ƙi kuma ta tsaya a motocin da ta sani. Ga wata sabuwar katanga kuma. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa ta intanet tana kan titi, har kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Bayan haka, daga wajen 2018, kamfanin ya sa mai gadi tsakanin soket da sauran kwamfutoci: kowa na iya karantawa, amma gogewa ko ba da umarni sai na'urar da aka yi wa rajista, tana kuma kan intanet. Volkswagen ma ya kawo irin nasa daga Golf ta takwas. Wanda zai zuba kuɗi a babbar sikana don sabbin motoci, ya tambayi wannan tun da wuri.

Ra'ayina, mai mota ɗaya ko biyu ba shi da abin yi da ita. Kayan sana'a ce, mai duba motoci goma a mako ne zai fanshe kuɗinsa. Kuma tana da haɗari a hannun mai son taɓe-taɓe, don menu ɗin da ke gyara saiti shi ne ke ɓata shi. Ko ita ma ba ta isa komai ba: idan aka canza gilashin gaba na motar da ke da kyamara a bayansa, galibi sai an sake saita kyamarar da alluna na musamman a fili mai daidai, ko a yi tafiyar koyo bisa ƙa'idar kamfani. Kuskuren da ido ba ya gani a kusurwar kyamara, a nisan mita ɗari ya zama babba.

Ga mai sayen motar hannu kuwa, lissafin ya ɗan bambanta, kuma a nan ko 'yar araha tana da ranarta. Mai sayarwa zai iya goge lambobi da safe, fitilar injin ta mutu. Abin da ba zai iya gogewa ba shi ne shaidar gogewar. Kwamfutar injin tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na matacin hayaƙi, na sensocin hayaƙi, na tururin tanki, kuma da an goge lambobi ko an cire kan batir duk sai su koma "ba a kammala ba", sai an yi tafiye-tafiye kafin su cika. Motoci da yawa suna ma faɗin kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Ka ga motar da ta yi shekara goma a titi tana cewa kilomita 6, ka san akwai magana. Motocin Amurka daga 2010 sun ƙara da wasu lambobi na dindindin, waɗanda sikana ba ta iya gogewa, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara. Duk wannan yawancin sikanoni suna iya nunawa, domin yana cikin abin da doka ta buɗe.

Jakar iska ce inda ake yin mugun wasa. Motar da ta taɓa yin karo, maimakon a sa mata sabuwar jaka, wasu sukan rufe wurin su sa resisto, wani ɗan guntun kayan lantarki, a bakin wayar, kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan. Wasu kuma fitilar gargaɗin suke cirewa ko su liƙe ta ta ciki. Na biyun ido ma yana kama shi: ka murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, dole fitilun ABS da SRS da na injin su kama, ta SRS ta ɗauki 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sikana mai jin SRS za ta nuna lambobin da aka ɓoye, a wasu motocin har da shaidar cewa jaka ta taɓa fashewa. Dabarar resisto kuwa tana iya wuce ko babbar sikana, sai an duba murfin sitiyari da dashbod da bel da ido. (Wayoyin jakar iska rawaya ne. Kada ka sa musu mita ko fitilar gwaji, wutar da ba ta kai komai ba tana iya tayar da jakar a fuskarka.) Haka nan babu na'urar da ke ganin matsalar jakunkunan Takata, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da laima har su tarwatsa ƙarfe, abin da ya jawo janye motoci mafi girma a tarihi ya kuma durƙusar da kamfanin a 2017. Wannan da lambar shasi mai haruffa 17 ake bincikarsa a shafin kamfanin motar.

Wani abu ɗaya ya shafi duka ukun: lamba alama ce ta inda ciwo ya bayyana. P0420 cewa take yi matacin hayaƙi ba ya aiki yadda ya kamata, amma tsagewar salansa kusa da sensa tana kawo ta, injin da ya daɗe yana tsallake wuta ma shi ke ƙona matacin tun farko. P0455 sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure ba. Tarin lambobin U a lokaci guda kuwa, kafin a zargi kwamfuta a fara auna batir da wayar ƙasa. Wanda ya ga sunan sensa a allo ya ruga ya sayo sabuwa, ya bar jaki yana dukan taiki. Kuma kafin ka danna gogewa, ka ɗauki hoton allon, domin tare da lambar kwamfuta takan ajiye yanayin injin a daidai lokacin da abin ya faru, gudu nawa, zafi nawa, kuma gogewa tana tafiya da shi. Idan fitilar injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan ba lokacin karatu ba ne, a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Da ni za a tambaya, mai mota ɗaya da yake shirin riƙe ta ya nemi ingantacciyar ta waya tare da manhajar da ta ƙware a gidan motarsa. Ita ce ke ba da zurfi mafi yawa a kuɗi kaɗan. Mai motoci daban-daban a gida, ko wanda ba ya son wahalar waya, ya ɗauki ta hannu mai karanta injin, giya, ABS da SRS. Jabun araha ta isa ga mai son sanin dalilin fitilar injin kawai, muddin ya san iyakarta ke nan. Kowacce ka zaɓa, kafin ka biya ka nemi a jona ta a motarka, ka shiga inda take jera kwamfutocin da ta samu. Ka nemi ABS a jerin, ka buɗe shi, ka sa wani ya tuƙa a hankali, ka ga ko lambobi huɗu na gudun tayoyi suna motsi.